Ƙurar Kano da Hoton Wata



Tun ran 20 ga Yuli, 1969, da Amurka ta shelanta cewa Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun taka wata, har zuwa yau da hotunansu ke yawo a wayoyin samari, ba a daina jayayya a majalisu ba, waɗansu na cewa ilmi ne da Allah Ya hore wa ɗan Adam, waɗansu kuwa na rantsuwa a cikin wani ɗaki aka shirya abin. Mai shakka bai yi laifi ba, domin hoto shi kaɗai ba ya zama hujja, balle a wannan zamani da kwamfuta ke ƙaga surar mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Shubuhar da aka fi kawowa ita ce sama ta fito baƙa ƙirin, babu tauraro ko ɗaya. To, wanda ya taɓa ɗaukar hoton walima da dare a ƙarƙashin fitilar janareta ya san haske mai ƙarfi yakan hana mai rauni fitowa, su Armstrong kuwa cikin tsananin hasken rana suka yi ɗaukar. Tutar da ake cewa tana kaɗawa inda babu iska, sanda aka zura mata ta sama.

Amma malaman hadisi sun koya mana abin da ya fi wannan, wato labarin da ya zo ta hanyoyi masu yawa, daga mutanen da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, ya kai matsayin tawaturi. Tarayyar Sobiyet, wadda ita ce babbar abokiyar gabar Amurka a lokacin, kuma tana da na'urorin bin sawun kumbo, ba ta ƙaryata ba. Kumbon Indiya kuma, Chandrayaan-2, ya ɗauko hoton wurin saukar a 2021.

Akwai ma shaida a kusa da gida, ko da yake ta kewaya duniya ce, ba ta wata ba. A zamanin Sardauna, hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma ran 20 ga Fabrairu, 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya gifta ta saman ƙasar nan, ya gaya wa ma'aikatan tashar yana hangen ƙura ta turnuƙe, su kuwa, da ke zaune a ƙarƙashinta a ƙarshen hunturu, suka tabbatar masa iska ta yi mako tana bugawa. Daga baya, a 1985, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau kumbon Discovery, ya zama Musulmi na farko da ya je sararin samaniya.

Abin mamaki, sau da yawa bakin da ya musanta saukar shi ne zai ba ka labarin wai Armstrong ya ji kiran salla a wata har ya musulunta. Wannan kam ba shi da isnadi, Armstrong ya ƙaryata shi, gwamnatin Amurka ma ta aika wa ofisoshin jakadancinta da bayanin haka a 1983.