Kada ku gangaro da mariƙin takalmi a kulle

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a guruf ɗinmu na ɗalibai a Ostiriya, kan mariƙin takalmin siki (katakon zamiya a kan ƙanƙara) mai ƙusoshi biyu, wanda ake hawa dutse da shi a kuma gangaro. Wai ba ya kai shekara, wai mai nauyi ne kaɗai ke da ƙarko. Zance ne kawai. Tun shekarun 1980 Fritz Barthel ya ƙirƙiro shi, kamfanin Dynafit ya fitar da shi kasuwa, kuma mutane na shafe shekaru da guda ɗaya. Inda mai saƙon ya yi gaskiya shi ne, don rashin nauyi aka ƙera shi, yini ana dukansa a kan daskararriyar ƙanƙara na saurin cinye shi.

Abin da ya hana ni barci shi ne shawararsa ta ƙarshe: wai a ja ɗan hannun da ke gaban mariƙin a kulle kafin gangarowa, don kada siki ya suɓuce. Haba malam! Don hawa aka yi kullen nan, lokacin da dunduniya ke sake. A gangara kuwa, aikin mariƙin ne ya saki takalmi idan ka faɗi. In ka kulle, murɗawar da ya kamata ta buɗe ƙarfe sai ta ƙare a ƙwauri ko a gwiwa. Idan kuma dusar ƙanƙara ta zaftaro, sikin da ya ƙi rabuwa da ƙafa janka zai yi ƙasa. Wasu ƙwararru kan kulle a gangara mai tsananin tsayi, inda suɓucewar siki ta fi karaya haɗari, amma da saninsu suke yi, kuma mu ba can muke zuwa ba.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Ni ma siki ya taɓa barina a tsakiyar gangara a bayan Innsbruck, gabana na ta faɗuwa. Da na ɗaga takalmin, sai ga ƙanƙara ta cushe 'yan ramukan nan biyu na gabansa, ƙusoshin ba su zauna ba. Da tsinke na ƙwaƙule ta, na kaɗe wadda ke ƙarƙashin ƙarfen, sikin bai sake suɓucewa ba ranar.

Ba kowane mariƙi mai ƙusoshi ne ya cika ma'aunin ISO 13992 na sakin takalmi ba, don haka ku tambaya kafin ku saya. Wanda nasa ke yawan saki, ya kai shago a duba ramukan takalmin, a daidaita masa da nauyinsa.