Jhulan Goswami: shekara 20 tana jifa, ƙannenta suka kawo mata kofin

Idan aka ambaci ƙasar Indiya, abin da ke fara zo mana a rai shi ne finafinai da waƙoƙi. Amma su can, abin da ke hana ɗan kasuwa kula da mai saye shi ne wasan kurket. A yau za mu kawo muku labarin wata mata da ta shafe shekara 20 tana yi wa ƙasarta wannan wasa, ta fara tun lokacin da babu ko sisi a cikinsa, wato Jhulan Goswami.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana kafa ƴan sanduna uku a ƙasa, mutum guda ya tsaya gabansu riƙe da faffaɗan katako yana karewa. Mai jifa zai sheƙo a guje, ya wurgo ƙwallon fata mai tauri daga tazarar mita 20. In mai katako ya make ƙwallon, sai ya ruga ya tara maki. In ƙwallon ya kada sandunan, ko aka cafe shi a sama, to an fitar da shi. Aikin Jhulan kenan, fitar da mutane, kuma jifanta kan kai gudun kilomita 120 a awa.

Jirgin asuba

An haife ta ranar 25 ga watan Nuwamba 1982 a Chakdaha, wani gari na jihar Bengal ta Yamma. Tana ƙarama tana wasa da yara maza na unguwa, su kuwa suna yi mata gorin cewa jifanta ba shi da sauri. A 1997 aka yi wasan ƙarshe na kofin duniya na mata a birnin Kolkata tsakanin Ostiraliya da Niyu Zilan, tana cikin yaran da ke ɗauko ƙwallo a bakin fili. Daga ranar ta ƙudurta sai ta saka rigar ƙasarta.

Sai dai a garinsu babu inda ake horar da ƴan mata. Dole ta riƙa tashi tun da duhu, ta kama jirgin ƙasa na asuba zuwa Kolkata, tafiyar kusan kilomita 80, ta yi horo wurin malaminta Swapan Sadhu, sannan ta komo. Shekarunta 15 a lokacin. Iyayenta sun fi son ta mai da hankali ga lakol, don ba su ga abin da ɗiya mace za ta ci a wannan hanya ba. Duk wadda ta taɓa fita da kaya kafin kiran salla don ta riski motar kasuwar ƙauye, ta san irin wannan sammako.

A watan Janairu 2002 ta yi wa Indiya wasanta na farko, da Ingila, a birnin Chennai. A wancan zamani ƙungiyar kurket ta mata daban take da ta maza, kuma aljihunta babu nauyi. Ƴan wasan ƙasa kan yi doguwar tafiya cikin jirgin ƙasa, su kwana a ɗaki guda kamar ƴan makaranta. Sai a 2006 babbar hukumar kurket ta Indiya ta karɓi ragamar wasan mata, albashin shekara kuwa sai a 2015.

A 2006 ɗin ne ta fitar da ƴan wasa 10 a karawa guda a garin Taunton, Indiya ta doke Ingila har gida. A 2007 aka zaɓe ta gwarzuwar shekara ta duniya, daga 2008 zuwa 2011 kuma ta riƙe shugabancin ƴan wasan ƙasarta. A watan Mayu 2017 ta zarce Cathryn Fitzpatrick ta Ostiraliya, wadda ta fitar da mutum 180 a wasannin yini guda. Aka yi mata laƙabi da jirgin Chakdaha.

Kofin da ya ƙi zuwa

Abu guda ya gagare ta, kofin duniya. Sau biyar ta je gasar, sau biyu ta kai wasan ƙarshe. A 2005 Ostiraliya ta lallasa su a Afirka ta Kudu. Na 2017 ya fi ciwo. Ranar 23 ga watan Yuli, a filin Lord's na birnin Landan, ta fitar da ƴan Ingila 3, maki 23 kacal aka ci a hannunta. Ingila ta tsaya a 228. Indiya ta kai 191, mutum 3 kawai ta rasa, har an fara murna. Nan take sauran suka zube ɗaya bayan ɗaya, ita kanta Jhulan ƙwallon farko ya fitar da ita. Aka tashi Indiya na da 219. Maki 9 suka raba ta da kofi.

Ba ta ajiye ba. Ta ƙara shekara 5, har ranar 24 ga watan Satumba 2022, a wannan fili dai, inda ƴan wasan Ingila suka jeru layi biyu suna tafa mata. Ta tashi da mutum 255 cikin wasanni 204 na yini guda, adadin da babu macen da ta kai shi. In aka haɗa dukan nau'o'in wasan, 355 ne.

Wata guda bayan ta yi sallama, hukumar ta daidaita kuɗin wasa na mata da na maza: rufi 600,000 a kowane wasan yini guda. A 2023 aka buɗe gasar kulob-kulob ta mata, aka ɗauki Smriti Mandhana a kan rufi miliyan 34. Jhulan ba ta ci wannan kasuwa tana ƴar wasa ba, amma tana cikin waɗanda suka share filin aka kafa rumfuna. Ta shiga gasar a matsayin mai koyar da jifa a kulob ɗin Mumbai Indians.

Ranar 2 ga watan Nuwamba 2025, a Navi Mumbai, matan Indiya suka doke Afirka ta Kudu da maki 52, suka ɗauki kofin duniya karon farko. Shugabarsu Harmanpreet Kaur ta fara wasa ne a 2009 ƙarƙashin jagorancin Jhulan. A daren nan ƴan wasan suka nemo yayarsu a cikin fili, suka danƙa mata kofin, ta ɗaga shi tana hawaye.

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Wani lokaci kuma na baya ne ke sauke tukunyar, kuma ɗan halak ba ya mance wanda ya hura wutar. Mu dai muna ganin yarinyar da ta nace wa abu mai kyau, kafin a ce mata ba na mata ba ne, a tsaya a ga iyakar gudunta.