Tace Fitsari Da Ruwan Sha A Ɗakin Gwaje-gwaje: Abin Da Ya Kamata Majinyaci Ya Sani

Sau da yawa majinyata daga Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa kan tambaye mu dalilin da ya sa ake cewa su kawo fitsari da tsakar rana. Amsar tana cikin yadda ake gwajin tsargiya, wato fitsarin jini.

Mece ce tsargiya?

Wata tsutsa ce ke haddasa ta, wadda likitan ƙasar Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. 'Ya'yanta suna girma a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, su fito su huda fatar mai wanka, mai wanki, masunci ko manomin rani. Duk inda ake da madatsar ruwa irin ta Ayuba a Kazaure, ko kududdufin da yara ke iyo da damina, sai an yi hattara. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin mafitsara, ƙwayayenta kuma su fito cikin fitsari tare da jini.

Yadda ake gwajin

Kamar yadda uwargida ke tace gasara, ruwa ya wuce dusa ta tsaya, haka ma'aikacinmu ke yi da wani siririn tantani mai ƙofofin da ido ba ya gani. Yakan zuƙi mililita 10 na fitsari da sirinji, ya tura shi ta tantanin. Fitsarin ya wuce, ƙwayayen su maƙale domin sun fi ƙofofin girma. Sai ya ɗiga aidin, ya duba da madubin ƙara girma, ya ƙirga. Ƙwai 50 ko fiye a mililita 10 na nuna cutar ta yi yawa, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ƙwayayen sun fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Don haka:

1. A yi fitsarin a wannan lokaci, cikin kwalbar da asibiti ya bayar.
2. A tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga, domin nan ƙwayayen suka fi taruwa.
3. A kai shi nan da nan, kada a bar shi a rana.
4. In ba a ga komai ba alhali akwai jini, likita zai iya cewa a sake kawowa wata rana.

Ruwan rijiya fa?

Shi ma ana tace shi, amma da tantanin da ƙofofinsa suka fi ƙanƙanta ƙwarai, har ƙwayoyin cuta ba sa wucewa. Akan tace mililita 100, a ɗora tantanin a kan abincin ƙwayoyin, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar kwana guda. Kowace ƙwaya takan hayayyafa ta zama ɗigo da ake gani. Ƙa'ida ita ce kada a sami ko ɗaya daga irin ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida. Da irin wannan tantani kuma ake raba laka da ruwa kafin a auna dalma da sauran sinadaran da suka narke a ciki. Ruwa ya yi garau ba ya nufin yana da tsabta.

Jan hankali ga iyaye

Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce. In aka ƙyale shi yakan jawo ƙarancin jini, ya lalata ƙoda, ya hana mace haihuwa, har ya kai ga ciwon dajin mafitsara. Maganinsa, praziquantel, ana ba da shi ne gwargwadon nauyi ko tsayin mutum, kuma a sha bayan an ci abinci. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa raba shi daga ɗan shekara 2 zuwa sama a garuruwan da cutar ta yawaita. Maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka a hana yara yin fitsari ko iyo a kududdufi.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.