Yaran Soweto da Suka Hau Ruwa

A unguwar Orlando ta Soweto, kudu maso yammacin birnin Johannesburg, akwai wasu manyan hasumiyoyi biyu na tsohuwar tashar wutar lantarki da ta daina aiki a 1998. A gindinsu akwai madatsar ruwa wadda tashar ke amfani da ita a zamanin da take aiki. Tasha ta mutu, ruwa ya zauna. A bakin wannan ruwa ne aka kafa ƙungiyar tuƙin kwalekwale ta Soweto a 2003, wadda aka fi sani da SCARC.

Wanda ya san Afirka ta Kudu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tseren kwalekwale a ƙasar ya daɗe yana hannun farar fata. Wata doka ta 1953 ta raba wuraren wanka da bakin teku tsakanin baƙi da fari, kuma ba a soke ta ba sai 1990. Saboda haka iyaye da yawa a Soweto sun tashi ba su iya iyo ba, balle su koya wa ’ya’yansu. Ga tsadar kwalekwale, ga motar da za ta kai shi kogi. Yaron da ke kwana a ɗakin kwano ina shi ina wannan?

Brad Fisher, ɗan kasuwa mai kamfanin tallace-tallace na Adreach, kuma matuƙi, shi ne ya ja gaba wajen kafa ƙungiyar. Matuƙa ’yan’uwansa suka riƙa ba da lokacinsu da kayan aikinsu don sa kai. Da yawa daga yaran farko sun fito ne daga Elias Motsoaledi, unguwar ɗakunan kwano da ke kusa da ruwan. Darasin farko iyo ne, domin siririn kwalekwalen tsere kifewa yake yi da sabon shiga tun bai gama zama ba. Sai yaro ya iya fitar da kansa daga ruwa sannan ya riƙe filafili. Da tafiya ta yi nisa, waɗanda aka koya wa suka zama masu koyarwa, ƙungiyar kuma ta sa ido a kan karatun yaran da neman abin yi bayan makaranta.

Burin kowane matuƙi a ƙasar shi ne gasar Dusi. Tafiya ce ta kimanin kilomita 120 daga Pietermaritzburg zuwa Durban, ta kogunan Msunduzi da Mngeni, ana yin ta cikin kwana uku. A 1951 aka fara ta. Mutum takwas suka tashi, Ian Player kaɗai ya kai ƙarshe, bayan kwana shida, kuma har maciji ya sare shi a hanya. Wahalar Dusi ba a cikin ruwa kawai take ba. Akwai wuraren da matuƙi zai fito, ya saɓa kwalekwale a kafaɗa, ya hau tudu da gudu cikin zafin watan Fabrairu. Goman farko ne ke samun lambar zinariya. Baƙar fata bai taɓa lashe gasar ba sai 2008, lokacin da Thulani Mbanjwa ya zo na ɗaya tare da Martin Dreyer.

A 2013 wani matashi ɗan SCARC, Siseko Ntondini, ya zo na 11. Mutum ɗaya tak ya shiga tsakaninsa da zinariya. A wannan gasar kuma Piers Cruickshanks, malamin makaranta farar fata, ɗan ƙungiyar Dabulamanzi ta Johannesburg, wanda ya riga ya ci zinariya sau da dama, kwalekwalensa ya karye a cikin ruwa mai ƙarfi. Bai janye ba. Ya ɗauki abin da ya rage na kwalekwalen ya ƙarasa da ƙafa.

A Dusi, shekara ɗaya ta kwalekwalen mutum ɗaya ce, mai bi mata ta mutum biyu. 2014 ta mutum biyu ce, sai Ntondini da Cruickshanks suka haɗu a jirgi guda. Ɗaya ya girmi ɗaya nesa ba kusa ba, ɗaya daga unguwar masu hali, ɗaya daga ɗakin kwano. Shi kuwa kwalekwalen mutum biyu ba ya ɗaukar saɓani: filafilai sai sun shiga ruwa tare sun fita tare, na baya kuma dole ya amince da hanyar da aka zaɓa tsakanin duwatsu ko da zuciyarsa na gaya masa wata. Sun yi watanni suna atisaye, kowa ya shiga gidan ɗan’uwansa ya ga yadda yake rayuwa. A Durban suka sauka a matsayi na 7. Zinariya ta samu. Andy Birkett da Sbonelo Zondi ne suka zo na ɗaya a shekarar.

Labarin ya bazu. Cruickshanks ya rubuta littafi mai suna Confluence, kuma a 2017 fim ɗin Beyond the River ya fito, wanda Craig Freimond ya ba da umarni, inda Lemogang Tsipa da Grant Swanby suka fito a matsayin matuƙan biyu, da wasu sunaye daban.

Fim ɗin ya yi kyau, amma ni abin da ya fi kama min zuciya shi ne shekaru 11 da ke tsakanin 2003 da 2014. A cikinsu wani ya tsaya cikin ruwa yana riƙe da yaro mai tsoro, wani ya liƙe kwalekwalen da ya tsage, wani ya tuƙa mota fiye da kilomita 400 don kai yara kogin da ba su taɓa gani ba. Yawancin yaran nan ba su ci zinariya ba, amma sun iya iyo, a garin da iyayensu da yawa ba su iya ba. Mai karatu, in ka samu Beyond the River ka kalla, ka kuma nuna wa matasan unguwarku.