Kamara mai siffar ta dā: abin da za a sani kafin a aiko ta gida

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Turai ya rubuto mana yana neman shawara: ƙanensa na ɗaukar hotunan biki da suna da wayar salula a garinsu, yana so ya saya masa kamara ta gaske, irin sababbin nan masu kama da na zamanin iyayenmu. Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, don sabuwa takan haura jikka 500. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin a fili.

Siffar ce kawai ta dā. Nikon Z fc da ta fito a 2021 an kwaikwayi jikin Nikon FM2 ta 1982 ne, haka su Fujifilm X-T30 da X-T5 suna da maƙunnan murɗawa a sama kamar kamarorin da masu hoto suka yi zamani da su a dā. Amma ba a sa musu fim, katin SD ake sawa. Ana ce musu marasa madubi saboda an cire madubin nan da ke cikin manyan kamarori, haske na wucewa kai tsaye zuwa farantin da ke kama hoto. Abin da ka leƙa ka gani ƙaramin allo ne, yana nuna maka hoton yadda zai fito tun kafin ka danna. Ga mai koyo wannan babbar gata ce: ka murɗa, hoto ya yi duhu ko haske a gaban idonka.

Lambobin da ke kan maƙunnan su ke tsorata mutane, alhali abu uku ne. Na farko saurin buɗewa da rufewa: 125 na nufin kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Wannan ya isa ga mutumin da ke tsaye, amma ƴan kokowa ko dawakin hawan salla sai an kai 1000, in ba haka ba ƙafafu su narke cikin ƙura. Na biyu faɗin ƙofar haske, wanda ake rubutawa f/2, f/4, f/8. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, ita ke sa amarya ta fito tsaf, bayanta ya dushe. In dangi ne jere uku a tsakar gida, a koma f/8 don na baya ma su fito. Na uku ISO, wato yadda farantin ke jin haske: 200 da rana, 3200 a bikin dare, sai dai hoton zai yi ɗan tsakuwa-tsakuwa.

Shawararmu, kada a taɓa ukun rana ɗaya. A Fujifilm a sa kowane a kan harafin A, a Nikon a tura ɗan sandan zuwa AUTO, a yi mako guda ana ɗauka. Sannan a saki guda ɗaya, a fara da ƙofar haske, a bar kamara ta yi sauran.

Akwai maƙunni na huɗu da muke ganin ya fi sauran amfani a wajenmu, mai alamar + da −. Kamara ba ta san babbar riga ba. In ango da abokansa sun sha fararen shadda cikin rana, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, riguna su fito daidai, fuskoki su yi baƙi ƙirin. A murɗa zuwa +1, ko ma mafi sauƙi a ja mutanen inuwar bango ko ta bedi. Mun sha ganin hotunan biki da ba a gane kowa sai da hula.

To, ga inda asara take. Tunda babu madubi, da zarar an cire gilashin gaba farantin nan a buɗe yake. A lokacin hunturu, ko a filin kasuwa, ƙura na shiga cikin daƙiƙa kaɗan, daga nan kowane hoto ya fito da ɗigon baƙi a wuri ɗaya, musamman a sararin sama. A canza gilashi cikin ɗaki, kamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. Kada a hura da baki, kada a goga da gefen riga ko rawani. Fanka ce ƴar roba ake matsawa ta huro iska, kuma mai saye ya haɗo da ita, don ba tsada gare ta ba. Mai gyaran irin waɗannan kamarori ba a kowane gari ake samunsa ba. Zafi ma haka: yawancinsu kamfani ya rubuta su yi aiki har digiri 40 ne, kuma kowa ya san abin da Afrilu da Mayu ke yi a Tawa da Damagaram. Ba a barin ta cikin mota a rufe ko kan sirdin babur.

Batir ɗinsu ba ya jimawa, saboda allo kullum a kunne yake. Hoto 300 zuwa 400 ne a caji ɗaya ga ƙananan, wanda bikin yini guda zai cinye kafin la'asar. Batir biyu na ƙari sun fi jaka mai kyau amfani. Sababbin na karɓar caji ta wayar USB-C, don haka mai sola a ƙauye ba shi da damuwa.

Ku da ke waje, ku duba abu kaɗan kafin ku biya. Gilashin Fujifilm ba ya hawa Nikon, na Nikon ba ya hawa Fujifilm, kuma sau da yawa farashin da kuke gani na jiki ne kawai babu gilashi. Ku kunna ta a shago ku ga ko akwai Faransanci a jerin harsunanta. Cajar Amurka bakinta fale-fale ne, sai da mahaɗi kafin ta shiga soket ɗinmu. In ta hannu ce, a tambayi adadin hotunan da ta ɗauka, a ɗauki farin bango a f/16 a ga ko akwai ɗigo. Mu dai da za a tambaye mu, tsohuwar X-T20 ko X-T30 mai lafiya da gilashi ɗaya mai kyau ta fi sabuwa dal da aka ƙarar da kuɗi a jikinta. X100VI ɗin nan ta 2024 da ake ta yayi, gilashinta a manne yake ba ya cirewa kuma ba ya jawo nesa, ba ita ce ta mai neman abinci da hoton biki ba.

Aika hoto zuwa waya ana yinsa da manhajar kamfanin, SnapBridge ga Nikon, XApp ko Camera Remote ga Fujifilm. In za a tura wa dangi ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, don in aka tura yadda aka saba zai matse shi, ranar da aka je wankewa a ga bai kai yadda kamara ta ɗauka ba.