Maɓallin E a Blender: inda masu koyon zanen 3D suke asarar roba

A ce wani ɗan kabu-kabu a Maraɗi yana son mariƙin waya a kan motonsa. Abokinsa mai kwamfuta ya sauko da zanen mariƙin kyauta daga Thingiverse, sai aka tarar wayar ta fi shi faɗi da santimita ɗaya. A ido aikin ba wuya: a ja hannun mariƙin ya ƙara tsawo, a kai wa injin 3D ya fitar da shi da roba. Amma daidai wurin nan ne masu koyo da dama suke ɓata roba da awowi.

Irin wannan zane raga ce. Ɗigo-ɗigo ne aka haɗa da layuka, layukan suka kewaye ƙananan fuskoki, fuskokin suka zama fatar abin. Cikinsa fanko ne. A manhajar Blender, idan ka zaɓi fuska ɗaya ka danna E, umarnin da ake kira Extrude zai ɗago ta, ya gina mata bango ta kowane gefe, kamar magini ya shata harsashi a ƙasa sannan ya ɗora bulo. Da wannan dabara akwati yake zama kujera, da'ira ta zama bututu.

Blender kyauta ce, shi ya sa matasa suka fi farawa da ita. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo na yuro 100,000 cikin mako bakwai, aka sake ta ga kowa. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Sai dai fim ido kawai yake gamsarwa. Injin 3D kuwa dole ya san ina ne ciki, ina ne waje, don haka ragar sai ta zama rufaffiya ruf, kamar tulun da ba ya yoyo.

Tarkon farko shi ya fi kama mutane. Ka danna E, ka fasa, ka danna Esc. Kana zaton komai ya koma yadda yake, alhali jan kawai aka soke. Sabbin ɗigogin suna nan kwance a kan tsofaffin, ido ba ya ganinsu. Ka maimaita sau uku, ka tara fata huɗu a wuri guda, kuma manhajar da ke yanka zane zuwa siraran shimfiɗu, irin su Cura, tana iya rikicewa ta bar rami ko ta tsallake wani sashe. Maganin shi ne Ctrl da Z nan take. In an riga an wuce, a zaɓi komai, a danna M, a haɗe ɗigogin da suka hau juna.

Na biyu daga fayil ɗin kansa yake. Tsarin STL, wanda kamfanin 3D Systems na Amurka ya fitar a 1987, alwatika kawai ya sani. Gefen da kake gani sumul yana iya zama tarin alwatika, in ka bar ɗaya a baya wajen ja, ka sami ƙaya a jikin aikinka. A gaskiya ma, ƙara wa hannun mariƙin nan tsawo bai buƙatar E. A kunna gani-har-hanji da Alt da Z, a zaɓi duk ɗigogin bakin hannun, a matsar da su da G. Ba a ƙara wa ragar komai ba, saboda haka ba ta yage ba.

STL kuma ba ya ɗauke da ma'auni. Blender da mita take lissafi, Cura da milimita, shi ya sa akwatin nan mai mita 2 da ke tarbar kowa a Blender yake isa can da girman milimita 2, kamar ƙwayar gero.

Ga wanda ke nufin cin abinci da kayan gyara, a ganina gara ya auna abin da ya karye, ya sake zana shi a FreeCAD. Ita ma kyauta ce, kuma fitowarta ta 1.0 ta zo a Nuwamban 2024. A can ana shata siffa da ainihin awo, a ba ta kauri da umarnin Pad. In gobe wani ɗan kabu-kabun ya zo da wayar da ta fi girma, lamba ɗaya za a canza.

Injin ma ba sai daga Turai ko Sin ba: a 2013, a cibiyar WoeLab ta Lome, Afate Gnikou ya haɗa nasa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da na'urorin ɗab'i. Roba ce ke da tsada, ga jiran awowi, ga fargabar ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Kafin a aika zane, a buɗe jerin Select a Blender a nemi Non Manifold. Duk layin da ya haskaka, wurin ne ragar take da matsala, a gyara shi tukuna.