Gwajin Batirin Ƙaramin Jirgi da Cajinsa

Wataƙila ka taɓa ganin ƙaramin jirgin sama da ake sarrafawa da rimot, ko irin wanda masu ɗaukar hoto suke tayarwa a wajen biki a Bosso ko Tunga, a garin Minna. Ran wannan jirgi yana cikin batirinsa. Idan batir ya gaza a sama, jirgi zai faɗo, kuɗin da aka daɗe ana tarawa su tafi a banza.

Yawancin waɗannan jirage suna aiki da batirin litiyam, wanda ake rubuta LiPo a jikinsa. A ido guda ɗaya ne, amma a ciki ƙwayoyi ne aka jera. Idan ka ga an rubuta 3S, ƙwayoyi uku ke nan. Kowace ƙwaya tana cika a bolt 4.2, saboda haka ukun sukan kai 12.6.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure: sukan auna jimla kawai. Ka ɗauki mita irin ta masu gyaran rediyo, ka auna kowace ƙwaya daban ta ƙaramin filogin da ke gefe. A ce ka sami 4.2 da 4.2 da 3.6. Jimlarsu 12.0 ce, kuma wanda ya duba jimla zai ce lafiya lau. Amma ƙwaya ta uku ta yi rauni. Ita ce za ta fara ƙarewa a sama, kuma da zarar ta sauka ƙasa da bolt 3.0, ta fara lalacewa.

Don haka ake amfani da caja mai daidaita ƙwayoyi. Batirin da aka rubuta wa 2200 mAh, a ba shi amfiya 2.2, zai cika cikin kusan awa ɗaya. Gaskiya ne, ko da yake madatsun ruwa na Shiroro da Kainji a Jihar Neja suke, wuta takan ɗauke, mutum ya so ya ƙara ƙarfin caja kafin ta tafi. Kada ka yi. Batiri mai cika rabi ya fi wanda ya kama da wuta.

Zafi ma abin tsoro ne, musamman a watannin Maris da Afrilu. Batirin da ya sauko daga sama da ɗumi, bar shi ya huce a inuwa tukuna. Ka yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa, kuma kada ka yi barci ka bar shi. Wanda ya kumbura kuwa, aikinsa ya ƙare. Kada ka huda shi.

Idan jarrabawa ta matso, za ka ajiye jirgi na makonni, ka bar kowace ƙwaya a wajen bolt 3.8, ba a cike ba.